Ɗakin da ke Bayan Shagon Guga

Ga ta nan, ga ta nanku, ta tsaya a bakin ƙofa.

A ba ta hanya ta shigo mu ji ta.

Uwar Shago tana kan kwalar wata farar riga, dutsen guga ya ɗauki zafi daidai yadda take so, sai inuwar mutum biyu ta faɗo kan teburin. Ta ɗauka masu kawo wanki ne, ta ce su zuba a kwando, ko kai ba ta ɗaga ba. Ba su zuba komai ba. Ɗaya ya durƙusa a bakin ƙofa ya danne kan tef ɗin awo da babban yatsa, ɗayan ya ja shi ya wuce ta gabanta, ya sunkuya ta ƙarƙashin rigunan da ke rataye, har bangon ƙarshe. Ya faɗi lamba, na durƙushen ya maimaita.

Sai da suka gama da faɗi za su koma tsawo sannan suka tuna da gaisuwa. Suka ce Injiniya ne ya turo su, babban ɗan mai shagon, wai a auna masa wurin kawai, ba wani abu ba. Dogon cikinsu ya nuna labulen da ke bayan injin wanki ya tambaya ko ƙofa ce. Ta ce ɗaki ne, kuma tsohuwa tana kwance a ciki. Ya ce ba za su daɗe ba.

Suka shiga da takalmansu. Inna, mahaifiyar Uwar Shago, wadda idanunta suka daɗe da rufewa, ta ji baƙin sawu ta miƙe zaune a kan gado tana lalubar bango. Ta tambaya su wane ne. 'Yarta ta ce masu duba wayar lantarki ne, ta koma ta kwanta. Tsohuwa ba ta kwanta ba. Tana zaune aka ja tef ta saman kanta, tana zaune dogon ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba ɗakin da shago, ya saurara, ya ce wa abokinsa wannan ba ya ɗauke da komai, rana guda ta isa a sauke shi. Ya ciro alli ya ja masa gicciye.

Da suka fita sai ƙaurin ƙuna ya cika shagon. Ta bar dutsen a kan riga. Tun da take sana'ar nan hakan bai taɓa faruwa da ita ba.

To, bari ku ji yadda zaman yake. Shagon wanki da gugan nan na wani dattijo ne da kowa a layin yake kira Baba, ginin ma nasa ne. Uwar Shago laƙabi ne kawai, ita ma'aikaciyarsa ce. Lokacin da ta zo neman aiki, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, autar Baba kuma tana goye, Injiniya yana ɗan makaranta mai yagaggen wando. Baba ya miƙa mata riga ya ce ta goge ya gani. Ta goge. Ya juya rigar gaba da baya ya ce ta dawo gobe. Wannan ita ce takardar ɗaukarta aiki, ba ta da wata. Daga baya da idon Inna ya fara lalacewa, Baba ya kwashe tarkacen da ke ɗakin baya ya ce su shigo. A ɗakin nan tsohuwa ta ƙarasa makancewa, saboda haka hannunta ya san kowane lungu: inda ƙusar rataye mayafi take, inda siminti ya fashe kusa da ƙofar bayi, inda rana take taɓa gado da hantsi. A cikinsa tana yawo kamar mai ido. In aka fitar da ita ko bakin titi ne, sai ta ƙame wuri ɗaya kamar an dasa ta.

Baba ya sha faɗa cewa ɗakin nan nasu ne har ƙarshen ransu. Amma Baba mutum ne da ba ya maganar zuciya sai hannunsa yana aiki, kuma aikin da yake kama shi da magana shi ne ninke zannuwan gado na otal, wanda sai mutum biyu: shi ya riƙe kunne biyu, ita ta riƙe biyu, su ja, su matso, su haɗa. A nan yake faɗa. In sun matso ya ce, ɗakin nan naku ne. In sun ja baya ita kuma ta ce Allah ya saka. Yanzu ga shi kwance a asibiti, ƙirji ya ƙi, an kwana biyu.

Tana tsaye da ƙonanniyar riga a hannu Barista ya shigo karɓar kayansa. Lauya ne, tsohon mai kawo wanki, mutum mai tsegumi a kan kwala. Ya dubi rigar, ya dubi fuskarta, ya ce Allah ya sa ba tasa ba ce. Ta ce ba tasa ba ce. Tana sa masa kaya a leda, ta fara ba shi labarin wata ƙawarta da ke aiki a wani shago, mai shagon ya yi mata alkawarin ɗaki, yanzu kuma ba shi da lafiya.

"Ƙawar nan taki," in ji Barista, "ita ma sitati take cika wa kwala kamar ke?"

Ta ci gaba da sa kayan a leda. Ya ajiye jakarsa a kan tebur, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya bi shagon da ido har ya hango gicciyen alli ta gefen labule. Sannan ya yi mata bayani a hankali, irin na wanda ba ya son a ce bai faɗa ba. Ya ce ranar da Baba ya rufe ido, gini da injuna, har dutsen gugar da ke hannunta, sun zama na magada. Aikin da ba takarda, ana iya ce mata an gode, ta tafi; in ta ce za ta nemi haƙƙin shekarunta, hanya ce mai tsawo, kuma sai ta kawo hujja. Amma maganar ɗaki ta fi gaggawa. Ya tambaya wa ya ji lokacin da Baba yake alkawarin.

"Ni da shi, sai zannuwan gado."

"Zanin gado ba ya rantsuwa a kotu, Uwar Shago."

Ya ce yana da shari'a da safen nan, ba zai samu kansa ba sai yamma, zai zo asibitin da takarda a rubuta, Baba ya sa hannu. Amma kada ta jira shi. Masu irin wannan ciwo hankalinsu zuwa yake yana tafiya. In ta same shi garau, ta nemi manya biyu waɗanda ba su da rabo a gadon, Baba ya faɗi maganar a gabansu, ya faɗe ta har ƙarshe: wane ɗaki, ga wa, har yaushe. Ko wannan aka samu, akwai abin riƙewa. Ta ce yanzu da wane baki mutum zai tambayi mara lafiya irin wannan abu. Ya ce da bakin da take cin abinci. Ya ɗauki ledarsa ya fita, ko kwalar bai duba ba.

Ta goge wa Baba rigarsa mai ruwan toka, wadda ya fi so, ta cika fulas da shayi, ta roƙi mai shagon ɗinki na kusa ta riƙa leƙa Inna. Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta ba mai ɗinkin mabuɗi. Da za ta tafi tsohuwa ta kira ta daga ciki, ta ce masu duba lantarki ba sa ƙwanƙwasa bango. Ta yi kamar ba ta ji ba.

A cikin bas ta samu wuri kusa da taga, jaka a cinya, tana ta jera maganar a ranta. Baba, ka tuna abin da ka ce? Wannan ya yi kama da mai bin bashi. Baba, Inna tana gaishe ka, tana tambayar ɗaki. Wannan kuma jingina wa makauniya ne. Baba, an zo an auna. Wannan kai ƙarar ɗa wurin uban da ke kan gadon asibiti ne. Duk wadda ta ɗauko sai ta ji ɗaci ta mayar. Har kwandasta ya taɓa kafaɗarta ya ce an zo, ba ta tsayar da ko ɗaya ba.

Ɗakin asibitin gado biyu ne da labule a tsakani. Baba yana na kusa da taga. Ya ragu ƙwarai, wuyansa ya zama kamar na hangar rataye kaya a cikin riga, amma idon nan yana nan da kaifinsa. Auta tana gefensa a kan kujerar roba, idanunta sun kumbura don rashin barci. Ta tashi ta karɓi fulas tana cewa sannu Goggo, don haka 'ya'yan Baba suke kiranta tun suna ƙanana. A ɗaya gadon wani mutum ne ke barci baki buɗe, ƙanensa yana jinyarsa, wani tsohon ɗan sanda mai furfurar gashin baki da ma'aikatan suka laƙaba wa Saje. Kafin ta zauna Saje ya riga ya ba ta labarin ciwon yayansa tun daga farko, da ra'ayinsa a kan likitocin zamani.

Baba ya karɓi rigar ya shinshina, ya bi karin hannun da yatsa, ya ce ta yi kari biyu a hagu, ashe in ba ya nan haka ake yi. Ta ce idonsa ne ya ga biyu. Ya yi 'yar dariya, dariyar ta zama tari, aka jira ta wuce.

Da numfashinsa ya daidaita sai ya ce Auta ta matso, tunda Goggonta ma ga ta, akwai abin da yake so ya bari a hannunsu kafin lokaci ya yi. Bai kai ga abin ba. Auta ta ce don Allah Baba ya bari, ba ta son irin wannan magana, likita ya ce sauƙi yana nan tafe. Ta tsiyaya shayi ta kai masa baki, ta gyara matashi, ta ja bargo har haɓarsa kamar mai rufe tukunya. Baba ya kurɓa don ba shi da zaɓi. Saje ya sunkuyo ya raɗa wa Uwar Shago cewa tun jiya haka ake yi: duk wanda ya shigo dubiya, tsohon sai ya fara, su kuma sai su rufe shi da addu'a. Ƙanwarsa ta zo ta yi kuka, abokansa sun zo sun ce shi zai binne su. Ba wanda ya bari ya kai aya.

Uwar Shago ta ji haushin yarinyar. A ranta ta ce, ki bar shi ya ƙarasa mana, ke da ba a ja wa alli a bango ba. A fili kuwa ta karɓi kofin ta ɗauraye.

Bayan azahar aka kawo takardar wani magani da sai an sayo a ƙasa, inda layi yake kaiwa har bakin ƙofa. Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Ba a jima ba nas ta shigo canza ledar ƙarin ruwa, wata mace mai jiki, mai saurin hannu. Tana cikin ɗaura sabuwar leda Baba ya kama hannun rigarta. Ya ce ta ɗan tsaya. Ya ce Saje ya yaye labulen nan gaba ɗaya ya matso. Ya faɗi ranar da ake ciki, ya faɗi sunan likitansa da lambar gadonsa, ya ce yana faɗa ne don kada wani ya ce zazzaɓi ne ke magana. Saje ya miƙe tsaye ya haɗa ƙafa, tsohon aiki ya motsa.

Manya biyu, ba mai rabo a cikinsu. Ba ta nema ba, ba ta tambaya ba, ga shi an kawo mata har cinya.

"Ku biyu ku ji da kyau," in ji Baba. Ya ɗaga yatsa ya nuna ta. "Wannan matar. Ni na san ba da ƙafata zan bar ɗakin nan ba. Idan aka ɗauke ni..."

Nas ta juyo ta dube ta. Kallo ne kawai, daga ɗankwali zuwa jakar da ke cinyarta, irin kallon wadda ta ga mutane iri-iri a bakin gadon masu mutuwa. Uwar Shago ta ga kanta a cikin idon nan: ma'aikaciya ta jira 'yar gida ta fita. Ta kuma ga bakin Baba, bakin da ya ce mata ta dawo gobe, yana kiran mutuwarsa da kansa. Abin da aka saba faɗa tun ana yara ba ya neman izini, 'ya'yana. Kafin zuciyarta ta yi shawara, bakinta ya riga ya buɗe.

"Haba Baba. Wa zai ɗauke ka? Ga rigarka na goge, da ita za ka koma gida. Daina wannan magana, don Allah."

Nas ta saki numfashi, ta yi murmushi, ta zare hannunta daga nasa a hankali. Ta ce, ka ji 'yarka ko, Baba, ka kwantar da hankali. Saje ya saki ƙafafunsa ya ce gaskiyarta, ko likita bai yanke ba, balle shi. Baba bai dube su ba. Ita yake kallo, ya daɗe yana kallonta.

"Har ke?" in ji shi.

Nan ta farka. Ta zame daga kujera ta durƙusa a bakin gado, ta ce ya ƙarasa, tana ji, me zai ce. Amma an buga ƙararrawa a wani ɗaki, nas ta ɗauki tirenta ta ce yanzu za ta dawo. Baba ya buɗe baki zai kira ta, tari ya riga maganar fitowa. Wannan karon bai wuce ba. Ya naɗe shi, ya ɗaga shi daga matashi, leɓensa ya canza launi. Saje ya fita da gudu. Aka shigo da tukunyar iska, aka rufe masa hanci da baki da roba, aka yi masa allura, aka ce kowa ya fita waje.

Da Auta ta dawo da magani, Baba yana barci, robar tana yin hazo tana washewa. Saje ya ba ta labari duka, har da yadda tsohon ya sake ɗauko zancen mutuwa, da yadda Goggo ta tsayar da shi. Auta ta rungume ta tana hawaye. Ta ce ta gode, ta gode, ta san in Goggo tana nan ba za ta bari ya karaya ba. Uwar Shago tana tsaye hannuwanta a sake, tana jin ƙamshin sabulun shagonsu a mayafin yarinyar.

Barista ya iso da yamma da takardunsa a hammata. Ya leƙa, ya ga roba, ya ja da baya. A baranda ya sa ta gaya masa abin da ya faru, sannan ya sa aka kira Saje. Ya tambaye shi me ya ji da kunnensa. Saje ya ce tsohon ya ce wannan matar, ya nuna ta, sannan ya ce idan aka ɗauke shi.

"Wannan matar me?"

"Iyakar abin ke nan, ranka ya daɗe. Na yi aikin ɗan sanda har na gaji. Abin da na ji shi nake faɗa, ba na ƙara ko wasali."

Nas ma da aka same ta, abin da ta ce ke nan, ta ƙara da cewa likita ba ya sa ran za a cire robar nan kusa.

Suna tsaye Injiniya ya hawo matakala, da hular kwano ta wurin aiki a hannu, ƙura a takalmi. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka. Shi yake ɗauke da kuɗin asibitin nan tun ranar farko, kuma ƙannensa na nesa kullum suna waya suna tambayar yadda za a yi da gini. Ya rusuna ya gaida Goggo, ya tambayi Inna da jiki. Ya ba Barista hannu, ya dubi takardun da ke hammatarsa, ya tambaya cikin ladabi ko shi ma wani ya zo dubawa. Barista ya dubi Uwar Shago.

Abin da ta kasa faɗa a bas, da abin da ta kasa bari a faɗa a ɗaki, sai yanzu ya fito, a baranda, inda ba shi da amfani. Ta gaya masa alkawarin, da zannuwan gado, da allin da aka ja a saman kan mahaifiyarta. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba, yana juya hular a hannunsa. Ya ba ta haƙuri a kan masu awo, ya ce bai ce su shiga ɗaki ba.

"Goggo, ban ƙaryata ki ba," in ji shi. "Wallahi ban ƙaryata ki ba. Amma ba ni kaɗai ba ne. In na ce a bar ɗaki, za su ce ina shaida, me zan nuna musu? Baba bai taɓa faɗa wa ko ɗayanmu ba."

"Ya so ya faɗa. Yau ma ya so."

"To, wa ya hana shi?"

Da gaske yake tambaya, yana kallon fuskarta yana jira. Barista ya mayar da idonsa kan takalminsa. Ta cikin ƙofa ana jin tukunyar iska tana huci. Uwar Shago ta gyara mayafinta, ta ce dare zai yi mata a hanya, ta bar Inna ita kaɗai.

Baba bai sake magana ba. Ya rasu kafin mako ya zagayo, aka raba kayansa, rigar mai ruwan toka ta faɗa hannun wani ƙanensa. Magada suka sayar da ginin, aka sauke bangon, yanzu wurin kantin sayar da wayoyi ne. Injiniya ya ba Uwar Shago dutsen guga da teburin, ya kuma biya musu hayar wani ɗaki a bayan tasha na 'yan watanni daga aljihunsa. Barista ya rubuta wa magada a kan haƙƙin shekarunta, har yau ana amsa masa da za a duba. Yayan Saje ya warke, suka koma gida. Auta tana zuwa gaishe da Goggo lokaci-lokaci, kuma duk wanda ta samu a wurin sai ta ba shi labarin yadda Goggo ta ƙarfafa wa Baba zuciya a ranar da ya yi maganarsa ta ƙarshe. Uwar Shago tana guga a bakin ƙofar ɗakin haya, Barista yana kawo mata rigunansa. Inna kuwa tana ciki a kan gado, inda aka zaunar da ita ranar da suka tare, ba ta tashi sai an kama hannunta.